Ɗakin Kaka: Tarihin Hidimar Tsohuwa a Gidan Bahaushe

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littafin Tarihin Kano zai tarar da sarakuna a jere, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, kowa da shekarun sarautarsa da yaƙe-yaƙensa da ganuwar da ya faɗaɗa. Da wuya a ci karo da cikakken labarin mace a cikinsa. Amma da aka zo kan Sarki Muhammadu Kisoke, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565, sai marubucin ya ambaci cewa ya riƙa tafiyar da gari ne tare da mahaifiyarsa Iya Lamis da kuma kakarsa Madaki Auwa, matar Muhammadu Rumfa. Wannan 'yar gajeriyar magana ta isa ta nuna mana cewa tun shekaru ɗari biyar da suka wuce kaka tana da ta cewa a gidan Bahaushe, har da gidan sarauta. Sai dai Madaki Auwa ta shiga littafi ne albarkacin gidan sarauta. Sauran 'yan'uwanta tsofaffi na gidajen manoma da masaƙa da fatake sun yi hidimarsu sun wuce, ba wanda ya rubuta ko da sunansu.

Manufar wannan maƙala ita ce mu leƙa ɗakin irin waɗannan tsofaffi, mu ga yadda hidimarsu ta yau da kullum ta riƙa sauyawa daga ƙarni na 19 zuwa yau. Abin da muke son nunawa shi ne, kakanci a wurin Bahaushe muƙami ne mai ɗauke da aiki, kuma duk guguwar da ta taso a ƙasa, ko ta yaƙi ko ta yunwa ko ta canjin kuɗi, a ƙofar ɗakin kaka take zuwa ta sauke ƙurarta. A tsawon wannan lokaci kayan da ke kanta sun yi ta ƙaruwa, ikon da ke hannunta kuwa yana raguwa.

Wace Ce Kaka?

Kalmar kaka ta haɗa namiji da mace, amma a nan mace muke nufi, wato uwar uba ko uwar uwa. A al'adance kalmar ba ta tsaya kan su biyun nan ba. Yayyen kaka da ƙannenta da kishiyoyinta duk kakanni ne, haka ma tsohuwar da ta yanke wa yaro cibi. Sunan da ake kiran ta da shi ya danganta da gari da kuma gida: Iya ko Inna ko Goggo ko Baba ko Dada, ko kuma Hajiya tun da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya aikin hajji.

Abin da ya fara ɗora mata aiki shi ne kunya. Bahaushiya tana kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Wannan giɓi kaka ce ke cike shi. Idan cikin fari ya tsufa, yarinya takan koma gidan iyayenta goyon ciki, tsohuwa ce kuma ke tsaye a kanta har ta sauka. Ita ke dafa ruwan wankan jego safe da yamma har kwana arba'in, ita ke dama kunun kanwa, ita ke gasa wa jariri cibi, ita ke tsayawa kan ƙauri da tuwon suna. Ranar yaye ma ɗakinta ake kai yaro ya yi kukansa ya gaji, sau da yawa kuma daga nan ya zama ɗan ɗakinta sai aure ya raba.

Inda uwa ke kunya, kaka wasa take yi. Jika namiji mijinta ne, tana ce masa maigida ko ango, tana yi masa gorin bai kawo cefane ba. Jika mace kuwa kishiya ce da ta zo ƙwace miji. A cikin wannan raha ake gaya wa yaro abin da iyayensa ba za su iya buɗe baki su faɗa masa ba, shi ma ta nan yake shigar da kokensa zuwa ga uban da ba ya iya haɗa ido da shi.

Har ila yau, kaka ce magatakardar gida. Liman yana raɗa sunan yanka, amma sunan da zai bi yaro tsofaffi ne ke laƙaba shi, kuma kowane laƙabi labari ne. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ko Delu ta biyo bayan maza, Gambo ya bi tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba, Talle maraya ne tun yana cikin tsumma, Ajuji da Ayashe kuwa shaida ne cewa uwarsu ta sha rasa 'ya'ya kafin su. Wanda ya san ma'anar waɗannan sunaye, idan ya shiga gida ya ji ana kiran yara, to ya karanta rabin tarihin gidan.

Kafin Zuwan Turawa

A ƙarni na 19 yawancin manoman ƙasar Hausa a gandu suke zaune, wato uba da 'ya'yansa masu aure da iyalansu a gida ɗaya, sassa-sassa, suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. Maigida ke fitar da dami, amma daga bayan zaure zuwa ƙuryar gida maganar tsohuwa ce. Ita ke auna wa mai girki, ita ke raba aiki tsakanin matan 'ya'yanta, ita ke sanin wanda ya ƙoshi da wanda aka cuta a wajen rabon tuwo.

Tsufa kuma yakan ba mace 'yancin da ƙuruciya ta hana ta. Wadda ta daina haihuwa tana iya shiga kasuwa, tana iya zuwa wani gari ziyara ko biko ko neman aure, saboda haka ita ce ƙafar matan da ke cikin gida. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya yi mamakin yadda tufafin birnin ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, zaren da masaƙa suka saƙa, marina suka rina, daga mazarin mata ya fito. Su ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗe ta da alli a yatsa, tsofaffi kuma su ke kai zaren kasuwa su dawo da wuri.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fahimci amfanin wannan 'yanci. Da ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilmantar da matan karkara, sai ta ɗora shi a kan dattijan mata. Kowace ƙungiya tana da jaji, wadda ake ba malfa alamar shugabanci, ita ke jagorantar tsofaffi da ƙananan 'yan mata zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙin wa'azi, su koma su koyar da matan aure da ba su da halin fita. Ke nan karatun addini ya shiga ɗakunan mata da yawa ne a bakin kakanni.

Shaidar Baba ta Karo

Tsohuwa ɗaya ce daga cikin talakawan wancan zamani muka yi sa'a aka rubuta rayuwarta daga bakinta. Ita ce Baba, mutuniyar ƙauyen Karo kusa da garin Zarewa, 'yar wani manomi kuma malamin allo, jinin Barebari. An haife ta a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 19. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta zauna da Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith da ke bincike a ƙasar Zazzau, ta yi kimanin mako shida tana ba ta labari ana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi game da Baba shi ne, ta yi aure har sau huɗu amma Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk da haka ta tsufa ne a matsayin uwa kuma kaka, domin dangi sun ba ta riƙon 'ya'ya, ta raine su, ta aurar da su. Wannan shi ne babban dalilinmu na cewa kakanci aiki ne. Wadda ta yi aikin ita ce kaka, ko ta haifa ko ba ta haifa ba.

Abu na biyu shi ne yadda manyan al'amura suka bayyana a labarinta. Ta ga zamanin da iyayenta ke da rinji da bayi, ta ga mahara suna kama mata da yara, har da na danginta, ana tara wuri ana fanso su. Ta ga shigowar Turawa, waɗanda suka kama Zariya a 1902, Kano da Sakkwato kuma a 1903. Amma ba ta ba da labarin nan yadda marubutan sarauta suke bayarwa ba. Ta ba da shi ne ta fuskar gida: wa aka sace, wa ya dawo, wa ya riƙe 'ya'yan wadda ba ta dawo ba, wa zai ɗebo ruwa da itace yanzu da bayi suka watse.

Tambayar nan ta ƙarshe tana da nauyi. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara, a 1936 kuma aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. M. G. Smith ya nuna cewa matan da suka fita daga bauta sun janye daga aikin gona, domin a lokacin noman mace alamar bauta ne, da haka kulle ya yaɗu daga gidajen sarauta da malamai zuwa gidajen talakawa. Da kulle ya yaɗu sai buƙatar tsohuwa ta ƙaru, domin a gidan da ke cike da mata, ita kaɗai ce babba da ke iya ƙetare zaure da rana.

A daidai wannan lokaci kuma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, wuri ya ba da wuri ga anini da kwabo da sisi da sule. Atamfa da akoko na kanti suka fara kashe kasuwar zare, mata da yawa suka koma matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Ga kuma yunwa da ke kewayowa: Kakalaba a 1913 zuwa 1914, 'Yar Buhu a 1927, 'Yar Gusau a 1942. Da waɗannan sunaye tsofaffi ke ƙirga shekaru, su ce an haifi wane ana saura shekara biyu 'Yar Buhu. Su ne kuma suka san yadda ake jan mudu ɗaya ya kai kwana uku da taimakon tafasa da yaɗiya da rama da zogale.

Yini Guda a Ɗakinta

Bari mu kwatanta yinin irin wannan tsohuwa a wani gida na birni ko babban ƙauye, tsakanin 1950 da tsakiyar shekarun 1970. Kafin assalatu ta farka. Ta hura wuta, ta tashi jikokin da ke kwance a gabanta, ta fitar da tabarmar wanda ya yi fitsarin kwance ba tare da ta tona masa asiri ba. Kafin rana ta fito koko ya damu, ƙosai ya soyu, an ɗora wa 'yan talla. Da hantsi ana lissafin ciniki, sai a ga kwabo biyu babu, yarinya ta ce faɗuwa suka yi, uwarta ta ɗauko tsumagiya, kaka ta kwance bakin zane ta cike. Ana cikin surfe akuyar maƙwabta ta shigo ta afka wa garin da aka shanya. Kafin azahar yaran facaloli biyu sun yi faɗa a kan ƙanzo, faɗan ya koma na iyaye, aka fara habaici a bakin turmi, sai da tsohuwa ta yi gyaran murya kowa ya shiga taitayinsa. Da la'asar ga baƙi daga ƙauye ba sanarwa, dole a ƙara ruwan tuwo. Da magariba ga 'yarta ta yi yaji ta iso da goyo da ƙullin kaya, dole a lallashe ta, a kuma shirya abin da za a gaya wa masu biko.

Tsakanin waɗannan hidindimu take tafiyar da harkar kuɗi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna cewa ciniki mai yawa na hatsi da abinci a cikin gidaje ake yin sa, yara da tsofaffi ne kuma ke sada mai saye da mai sayarwa. Tsohuwa ce uwar adashi. Ita ce ke riƙe da lissafin biki a ka, ta san wadda ta kawo sule ranar sunan wane, ta san kuma dole a mayar mata da sule biyu ranar nata. Ita ke tara wa jika kayan ɗaki tun tana 'yar shekara shida, daga ƙorai da tasoshi har zamanin langa da samiru da fanteka. Da dare kuma, bayan an sha wannan gwagwarmaya, a buɗe makarantar Gizo da Ƙoƙi a gindin aci-balbal. Ya kamata mu tuna cewa tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 malamai maza ne suka rubuta masa su, alhali masu abin na ainihi suna cikin gida ba a tambaye su ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: ikon kaka ba alheri ne zalla ba. Ita ce likitar gida, ta san sabara da tazargade da sassaƙe iri-iri, ta ceci rayuka a inda babu asibiti. Amma likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna a shekarun 1970 cewa yawan ciwon zuciya da ke kama masu jego a wannan yanki yana da alaƙa da yawan shan kanwa da wanka da tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Yankan gishiri da wasu ungozomomi ke yi yana cikin abubuwan da suka jefa mata cikin lalurar yoyon fitsari. Auren dole ma sau da yawa da bakin tsohuwa ake ƙulla shi, don kada a ji kunyar dangi, kuma irin wannan aure ne Balaraba Ramat Yakubu ta yi wa tsinke a littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990. Matar ɗa da ta zauna da uwar miji mai sa ido ita ma tana da nata tarihin da za ta bayar. Hannun da ke rarrashi shi ne dai hannun da ke matsawa, kuma tarihin da ya ɓoye ɗaya ya faɗi ɗaya bai cika ba.

Kaka a Zango

Mu da muke karatu da koyarwa nesa da cibiyar ƙasar Hausa, akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya fi kusa da mu. Fataucin goro da shanu ya kafa unguwannin Hausawa a kudu, irin su Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, da Sabo ta Shagamu, da Agege da Idi-Araba a Ikko. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan a 1962 zuwa 1963, ya bayyana yadda matan masu masauki ke dafa abincin sayarwa ga ɗimbin baƙi daga cikin kulle, yara suna kaiwa, su kuma suna zuba ribar a cikin kwanoni masu fenti ƙirar Cakoslobakiya. Ya kuma nuna yadda riƙon 'ya'ya ke ƙulla gida da gida. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san cewa ɗakin tsohuwa shi ne matattarar irin wannan riƙo.

A zango kaka ta sami ƙarin aiki, wato tsaron harshe. Yaro yana jin Yarbanci ko Ibo ko Burokan a titi, Turanci a makaranta, Larabci a allo. Inda zai ji Hausa da karin maganarta da zaurancenta da kacici-kacicinta shi ne ɗakin kakarsa. Ita ma ba ta tsira daga canji ba, domin tukunyarta ta karɓi teba da amala da alabo da miyar agushi, amma ranar salla dole a ga tuwon shinkafa da miyar taushe, dole kuma mai jego ta yi arba'in yadda aka yi wa uwarta. Wasu iyayen kuma sukan tura yaro can gida Arewa wurin kaka, don ya yi karatu ya kuma san danginsa.

Zaman zango yana da nasa fargaba. A rikicin 1966 zuwa 1967, da na Shagamu a 1999, da na Idi-Araba a 2002, da na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021, iyalai da yawa sun rasa muhalli ko sun ɗaure kaya. Jaridu sun ƙirga gawawwaki da rumfunan da suka ƙone. Ba su ƙirga tsofaffin da suka wayi gari da jikoki cike da ɗaki ba, ko a nan kudu ko a can garuruwan da aka gudu aka koma.

Sauye-sauyen Zamani

Daga shekarun 1960 zuwa yau abubuwa da dama sun shigo gida, kowanne ya ɗauke wa kaka wani abu. Injin niƙa ya ɗauke wahalar dutse da turmi, wannan kam sauƙi ne. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya buɗe wa yara ƙofa, amma ya taɓa 'yan talla waɗanda su ne hannu da ƙafar matan kulle, kamar yadda binciken Enid Schildkrout a Kano ya nuna. Asibiti ya karɓi haihuwa daga hannun ungozoma, ɗanɗanon kanti ya ture daddawa, rediyo da talabijin da finafinan Hausa da suka kunno kai a 1990 suka cinye daren tatsuniya, wayar salula da ta shigo a 2001 ta ƙarasa abin da ya rage. Gandu ya watse, samari suka koma gidan haya ciki da falo, inda babu ɗakin da za a ce na tsohuwa ne.

Da aikin ya ragu daidai da yadda ikon ya ragu, da sai mu ce kaka ta samu hutu. Amma ba haka abin ya kasance ba. Matsin tattalin arziki da ya biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya mayar da 'ya'ya da yawa gaban iyayensu. Mutuwar aure takan ƙare ne da a kai yara wurin kaka. 'Ya'ya mata da suka yi karatu suka kama aiki, wurinta suke ajiye goyo da safe. Rikicin Boko Haram tun daga 2009, da ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato da maƙwabtansu, sun bar marayu a hannun matan da su kansu riƙo suke buƙata. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya fi gigita wadda bankinta bakin zane ne ko gwangwani a ƙarƙashin gado, cire tallafin man fetur a watan Mayun wannan shekara kuma ya sa kuɗin mudu ya fi ƙarfin ribar ƙosai. Tsofaffin da muke gani a bakin masallatai da mahaɗar tituna da ƙananan yara a gefensu, yawancinsu ba su taso da bara ba.

Ga kuma wani sabon salo a birane. Akwai kakar da ta yi boko ta yi ritaya, tana karɓar fansho, tana zuwa Islamiyya da safe, tana ganin jikokinta na Abuja ko Ingila ta fuskar waya. Ita ma ba ta zauna ba: yau tana Kaduna wankan jego, gobe tana Fatakwal sulhun aure. Mota da waya sun faɗaɗa mata tsakar gida ne kawai.

Kammalawa

Mun ga yadda kaka ta kasance ungozoma da alƙaliya da uwar adashi da malama da magatakarda, mun ga inda ta gyara da inda ta ɓata, mun kuma ga yadda zamani ya karɓe mata sanda ya bar ta da kaya. Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu me muka adana daga wannan tarihi. Fiye da shekara saba'in ke nan da rasuwar Baba ta Karo, har yanzu kuma littafinta ake fara ɗaukowa idan ana maganar rayuwar talakar Bahaushiya ta da. Aikin mako shida ne kacal. Hutun ƙarshen shekara na ɗalibin jami'a ya kai haka, wayar da ke aljihunsa kuma tana ɗaukar murya.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu, duk wanda Allah ya bar masa kaka da rai, ya zauna da ita ya tambaye ta. Wa ya yaye ta? Wa ta riƙa? Nawa ne mudun gero shekarar da aka yi mata aure? Me aka ci a farin 1973? Ta wace hanya gidansu ya zo Ibadan ko Jos ko Inugu, kuma wa aka baro a can? A rubuta da Hausarta, da karin harshen garinsu, kada a gyara mata magana. Idan an zo tafiya kuma a tuna da goron tsohuwa da kuɗin cefanenta, domin maigidan da take yi wa gori tun yana rarrafe yanzu ya girma, lokacin biya ya yi.